Ladan Mai Aikin Lafiya Na Ƙauye: A Wuyan Wa Ya Ke?

Kwanakin baya mun zauna da dattawan wata ƙaramar ekklesiya ta ƙauye, bayan an tashi daga sujada. Aka kawo maganar wata mace wadda mutanen ƙauyen suka zaɓa da kansu, suka aike ta ta koyo aikin lafiya. Yau shekararta shida tana yi. Ita a ke buga wa ƙofa da tsakar dare in jikin yaro ya yi zafi. Ita ke bi gida gida da damina tana ba yara maganin zazzaɓi. In naƙuda ta yi gardama, ita ke neman mota, ta raka mai ciki har asibiti, ta kwana can a kan tabarma. Ba ta da albashi. Yanzu ta aiko wa dattawa cewa za ta ajiye aikin, gama damina biyu ke nan ciyawa tana cinye mata gona, hatsinta kuwa ba ya kai ta bazara.

Dattawa suka rabu biyu. Waɗansu suka ce, "Ai aikin taimako ne, da bakinta ta yarda. In aka fara sa kuɗi a kan jinƙai, jinƙai ya ƙare." Waɗansu kuwa suka ce, "A'a, mu ne muka ci amanarta. Mun ɗora mata kaya, ba mu ba ta gammo ba." Har rana ta yi sanyi ba a yanke magana ba. Dukansu mutanen kirki ne, ba wanda ya yi magana don mugunta. Shi ya sa muka ga ya kamata mu kawo tambayar nan gaban masu karatu, gama ba ƙauye ɗaya ta shafa ba. Ga tambayar: ko daidai ne jama'a su ci amfanin aikin mutum shekara da shekaru, su sallame shi da godiya kaɗai? In kuwa ba daidai ba ne, ladansa a wuyan wa ya ke?

Su wane ne?

Bari mu fara rarrabe su, gama iri biyu ne. Akwai malaman asibiti waɗanda suka yi shekara biyu ko uku a makarantar koyon aikin lafiya, suka sami takarda, aka ɗauke su aiki a ƙananan asibitoci. Waɗannan suna da albashi, ko da shi ke wani lokaci ya kan yi jinkiri. Ba maganarsu mu ke yi yau ba. Akwai kuma na biyu: ɗan gari ko 'yar gari, manomi ko matar aure, wanda aka koya wa aiki na 'yan kwanaki ko 'yan watanni, aka ba shi jaka da littafi da 'yan magunguna, aka ce ya koma cikin danginsa ya yi aiki. Shi mu ke kira mai aikin lafiya na ƙauye.

Wannan shawara ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A ƙasar Maraɗi, tun cikin shekarun 1960 aka fara koya wa 'yan ƙauye taimakon gaggawa, aka kuma ƙara wa ungozomomi sani. A Garkida, cikin Jihar Adamawa ta yau, a 1974 aka soma wani shiri inda ƙauye ke zaɓen mutanensa ya aike su koyo. Ta hanyar labaru a ke koya musu, su kuma su koma su koya wa jama'a haka nan. A Satumba 1978 wakilan ƙasashe 134 suka taru a Alma Ata, cikin Tarayyar Sobiyet ta wancan zamani, suka yarda cewa lafiya ba za ta kai ga kowa ba sai an kawo aikinta kusa da inda mutane ke zaune, da hannun mutanen wurin. Suka sa wa kansu shekara ta 2000 ta zama lokacin da kowa zai samu. Shekarar ta zo ta wuce, ba a kai ba. Amma shawarar ba ta mutu ba, gama dalilinta yana nan: likitoci kaɗan ne, yawancinsu suna birni, cuta kuwa ba ta jira a gyara hanya.

Nauyin aikin

Kada wani ya ce aikin nan ƙarami ne. Cututtukan da suka fi kashe yaranmu ba su da yawa: zazzaɓin cizon sauro, da gudawa, da ciwon huhu, ga tamowa tana taimakon dukansu. Kowanne cikinsu yana da magani mai araha in an gane shi da wuri. Jinkiri shi ke kisa.

Yaro mai gudawa, ruwan jikinsa ne ke ƙarewa. Mai aikin lafiya ta san a dama ƙullin gishiri da sukari na asibiti cikin ruwa mai tsabta. In babu, a sa ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita ɗaya, a riƙa ba shi kaɗan kaɗan, a haɗa masa da ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14. Yaro mai tari kuwa, ta kan buɗe ƙirjinsa ta ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. In ɗan wata 2 zuwa 11 ya kai 50, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 ya kai 40, ta san maganar ta wuce mura, alamar ciwon huhu ce. Tana da wani ɗan tsiri mai launi uku da ta ke naɗawa a damtsen yaro. In ya nuna ja, watau kaurin damtsen bai kai santimita 11 da rabi ba, yaron yana bakin haɗari, ko da uwarsa tana cewa ramar haƙori ce. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a riƙa ba yara 'yan wata 3 har zuwa shekara 5 maganin rigakafin zazzaɓi wata wata da damina, a ƙasashe irin namu inda zazzaɓi ke bin ruwan sama. Wa ke kai shi ƙofa ƙofa cikin taɓo? Su ne.

Ku lura da wannan, ya 'yan'uwa, gama a nan maganar ta ke. Lokacin da cuta ta fi yawa shi ne lokacin da gona ta fi bukatar mai ita. Ruwan da ke kawo sauro shi ke kawo ciyawa. Ranar da matar nan ta tafi duba yaran maƙwabta, ranar ba ta riƙe fartanya ba. Ashe ba ragowar lokacinta ta ke ba mu ba. Daga cikin tuwon 'ya'yanta ta ke ɗiba.

Wani lokaci ma abin ya kan wuce gona ya kai ga rai. Ran 8 ga Fabrairu 2013 'yan bindiga suka harbe masu rigakafin shan inna tara a Kano, suna bakin aikinsu. Duk da haka waɗansu suka ci gaba da bin gidaje, har a Agusta 2020 aka shaida cewa asalin ƙwayar cutar shan inna ta ƙare a Nijeriya da Afirka duka.

Hujjar masu cewa kada a biya

Ba daidai ba ne mu ka da maganar dattawan fari tun ba mu ji ta sosai ba. Suna da hujja uku, kowace kuwa tana da ƙarfi.

Ta fari, sun ce abin da ya sa mata ke buɗe wa matar nan ɗakunansu, su gaya mata abin da ba su gaya wa mazansu ba, shi ne sun san ba kuɗi ya kawo ta ba. Ran da ta zama ma'aikaciya, za a dube ta kamar baƙon da ya zo da mota ya rubuta sunaye ya tafi.

Ta biyu, sun ce duk aikin da ba shi da albashi, mai zuciyar yi shi ke ɗauka. Da zarar an ji akwai kuɗi, sai ka ga ƙanen mai unguwa da surukar wani babba sun fito, a ture mai yi da gaske, a sa mai karɓar albashi kawai. Wannan mun sha gani da idonmu.

Ta uku, sun ce mu talakawa ne, ba mu da abin biya. In aka ce dole sai da lada, ƙarshenta ba za mu sami kowa ba. Da babu gara ba daɗi.

Suna kuma da shaida mai kyau, watau labarin kurkunu. Dattawanmu sun san shi: mutum ya sha ruwan kududdufi, bayan wajen shekara guda tsutsa ta fasa ƙafarsa, ta kwantar da shi daidai lokacin noma. Ba shi da ƙwaya, ba shi da allurar rigakafi. Da aka ƙidaya a 1988 zuwa 1989, an sami mutum fiye da 650,000 masu ɗauke da shi a Nijeriya, ba ƙasar da ta kai ta a duniya. Da me aka kashe shi? Da ƙyallen tace ruwa, da hana mai ciwo shiga tafki, da 'yan sa kai na ƙauye masu rarraba ƙyallen suna kai rahoto wata wata. Janar Yakubu Gowon ya bi ƙauyuka yana ƙarfafa aikin tare da cibiyar Jimmy Carter, tsohon shugaban Amurka. A 2008 aka ga na ƙarshe a Nijeriya da Nijar, a 2013 aka shaida cewa ƙasashen biyu sun rabu da shi. Wanda ya ce aikin sa kai ba ya tsinana kome, kurkunu ya ƙaryata shi.

Kyauta da ƙwace

To, me za mu ce? Mun yarda aikin sa kai abu ne mai daraja, ƙauyen da ba shi da masu yinsa kuwa kango ne ko da akwai mutane ciki. Amma bari mu tambayi kanmu, mene ne ya sa kyauta ta zama kyauta? Shi ne mai bayarwa yana da ikon ya hana. In maƙwabcinka ya kawo maka ƙwaryar gero bana, ka gode. In baɗi bai kawo ba, ka je ƙofarsa kana faɗa, to, tun fari ba kyauta ka ɗauke ta ba, haraji ka ɗauke ta. Ran da matar nan ta ce ta gaji, muka ji haushi maimakon mu ji kunya, ran nan muka nuna abin da ke zuciyarmu. Mun mai da alherinta bashi, ita ce kuma mu ke bi.

Wani zai ce, ai mu mutanen gayya ne. Gaskiya ne. Amma ku tuna yadda gayya ta ke. Yini ɗaya ce, ba shekara shida ba. Mai gona ya kan dama fura, ya yi tuwo, ba a tashi da yunwa. Kuma tana zagayawa: yau gonarka, gobe tawa. Aikin matar nan kuwa ba ya zagayawa. Kullum ita ke zuwa gonar kowa, ba mai zuwa tata. Aikin kurkunu ma cuta ɗaya ce, da tafki ɗaya ko biyu, ana kuma hangen ƙarshensa. Yau kuwa duk shirin da ya fito, na sauro, na rigakafi, na awon ciki, na tamowa, na ƙidayar haihuwa da mutuwa, kan mutum ɗaya a ke jibga shi. Sunan bai sake ba, amma kayan sun ninka.

Mu duba kuma wani abu mai nauyi. Cikin dukan masu hannu a aikin nan, likita yana da albashi, direban da ya kawo magani yana da albashi, wanda ya zo karɓar rahotonta yana da albashi har da kuɗin tafiya. Mutum ɗaya tak a ke yi wa wa'azin jinƙai, ita ce kuwa ta fi kowa talauci, sau da yawa kuma mace ce. Jinƙan da mai ƙoshi ke nema daga wurin mai jin yunwa, ya kamata a bincika shi da kyau. Ba wanda ya taɓa cewa albashi ya ɓata tausayin likita, ko ya hana malamin makaranta ƙaunar yara. Don me sai a kanta kaɗai kuɗi zai zama ƙazanta?

Kakanninmu ba su yi wannan kuskure ba. Wanzami ba ya ciniki kafin ya yi aikin jariri, amma an san hakkinsa, a kan ba shi rabonsa ran suna, da kaka kuma a kai masa hatsi. Ungozoma ba ta tsaya a ƙofa ta ce a biya ta tukuna, amma ba ta koma gida hannu wofi. Ba su ce sun sayi tausayin ungozoma ba. Sun dai san da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Lada ba ya haifar da tausayi a zuciyar da babu shi, amma yana riƙe da mai tausayi kada yunwa ta kore shi daga aikin.

Akwai kuma haɗarin da dattawan fari ba su hanga ba. Mai aikin da ba a biya, hanya uku ke gabansa. Ko ya ajiye aikin a fili, kamar matar nan, wannan ita ce hanya mai gaskiya. Ko ya riƙe jakar ya daina fita, ya riƙa cika littafi a ɗaki da sunayen yaran da bai gani ba. Ko kuwa ya fara neman ladansa da kansa: ya sayar da maganin da aka ce kyauta ne, ya sayi sirinji ya shiga yin allurar da ba a koya masa ba, gama ya san mutanenmu sun fi yarda su biya kuɗin allura. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, allurar da aka yi ba daidai ba kuwa tana iya gurgunta yaro. In haka ta faru sai mu kira shi ɓarawo. Laifinsa laifi ne, ba mu wanke shi ba. Amma wanda ya sa mai yunwa gadin rumbu, ya kuma hana shi abinci, yana da rabonsa cikin laifin.

Abin da ya faru a waɗansu ƙasashe

Ba mu kaɗai muka yi wannan gardama ba. A ƙasar Sin, daga 1968 aka yi ta labarin waɗanda a ke kira likitoci marasa takalmi, manoma ne da aka koya wa aiki na 'yan watanni. Duniya ta yi ta yabonsu. Amma abin da mutane ke mantawa shi ne ba a banza su ke yi ba. Gonakin ƙauye na haɗin gwiwa ne a lokacin, a kan lissafta musu aikin lafiya kamar aikin gona, su sami rabonsu. Da aka rarraba gonakin a farkon shekarun 1980, rumbun da ke ciyar da su ya rushe. Waɗansu suka koma noma, waɗansu suka shiga karɓar kuɗi a hannun marasa lafiya. A 1985 gwamnati ta soke sunan ma gaba ɗaya.

Habasha ta bi wata hanya. A 2003 ta soma ɗaukar 'yan mata da suka gama aji goma, a koya musu aiki shekara guda, a komar da su biyu biyu zuwa ɗakin magani na yankinsu, inda mutum wajen 5,000 ke zaune, gwamnati tana biyansu albashi. Cikin 'yan shekaru suka wuce 30,000.

Ga kuma Nijar, kusa da mu. Daga farkon shekarun 2000 aka gina ƙananan ɗakunan magani wajen 2,000 a karkara, aka sa ma'aikata waɗanda a ke biya. A 2006 aka ce maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 ya zama kyauta. A 1998, cikin yara 1,000 da aka haifa, 226 ke mutuwa kafin su cika shekara 5. A 2009 lissafin ya sauko zuwa 128. Ba ma'aikatan nan kaɗai suka yi wannan ba, gama gidan sauro da sinadarin bitamin A da abincin masu tamowa duk sun taimaka. Amma duk waɗannan sai da hannun da zai miƙa su.

A Indiya kuwa tun 2005 aka ɗauki mata wajen miliyan ɗaya, ba a yanka musu cikakken albashi ba, sai ɗan abin da a ke ba su bisa ga kowane aiki. Sun sha yin yajin aiki a kan wannan. A ƙarshe, a 2018, shekara 40 bayan taron Alma Ata, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shawara a fili cewa a biya masu aikin lafiya na cikin jama'a daidai da nauyin aikinsu, da yawan sa'o'insu, da koyon da suka yi. Abin da kakanninmu suka sani game da ungozoma, shi masana suka iso bayan doguwar tafiya.

A wuyan wa?

Na fari, a wuyan hukuma ya ke. Dalili kuwa shi ne ƙauyen da ya fi cuta shi ya fi rashin kuɗi. In aka bar wa kowane ƙauye ya biya nasa, ƙauyen bakin kasuwa zai samu, na bayan dutse ya rasa, alhali shi ya fi bukata. Domin irin wannan a ke tara haraji wuri ɗaya. Saboda haka ba rashin kunya ba ne dattawa su je wurin shugabannin ƙaramar hukuma su yi tambaya, cikin ladabi, da sunan mai aikinsu a rubuce, su koma kuma in ba a amsa ba.

Na biyu, a wuyanmu ya ke, mu da ta ke yi wa aiki. Ba za mu naɗe hannu muna jiran hukuma ba, ciyawa kuwa tana cin gonarta. Dattawan da suka ce ba mu da kuɗi sun faɗi gaskiya, amma muna da fartanya. Gayya biyu a gonarta, ɗaya a noman fari, ɗaya a maimai, ba za su talauta kowa ba. Dami ɗaya daga kowane gida da kaka ba zai rage rumbu ba. A kuma yi ɗan asusu domin kuɗin mota, kada ta riƙa biya daga bakin zanenta in ta raka marar lafiya. Masu rarraba ƙwayar Mectizan, maganin makantar bakin kogi, waɗanda ke auna tsawon mutum da sanda su ba shi ƙwaya daidai da tsawonsa, jama'a ce ke zaɓensu, ita kuma aka bar wa shawarar yadda za ta taimake su. Aikin nan ya yi ta tafiya shekaru da yawa, a Janairu 2025 kuwa aka shaida cewa Nijar ta rabu da cutar, ita ce ta fari a Afirka. Jama'a tana iya riƙe nata, in ta ga dama.

Amma a kiyaye abu ɗaya. Kada ladan nan ya fito daga hannun marar lafiya a bakin ƙofa. Uwar da ta san sai ta biya, za ta jira gari ya waye ta ga ko jikin zai yi sauƙi, jinkirin nan kuwa shi mu ke gudu. A tara daga wurin kowa sa'ad da kowa ke lafiya, domin kada a nemi kome daga wurin kowa sa'ad da ya ke kwance. Da haka amincin da dattawan fari ke tsoron ya ɓace zai tsaya, gama har yanzu ba kuɗi ke buɗe mata ƙofa ba.

Tsoronsu na biyu, watau ƙanen mai unguwa, maganinsa ba hana lada ba ne. Maganinsa a yi zaɓe a fili, a gaban maza da mata, a kuma sa malamin asibiti ya riƙa zuwa yana duba aikin. Ba a ƙone rumbu domin ɓera.

Mu kuma na ekklesiya, kada mu mai da wannan maganar cikin gida. Matar nan ba ta tambayar addinin yaro kafin ta ƙirga numfashinsa. In za a kira gayyarta, a kira gari duka, mai unguwa da liman da fasto su zauna tabarma ɗaya. Inda mu ne kaɗan, mu fara kai namu damin. Inda mu ne da yawa, kada mu ce tamu ce mu kaɗai.

Abin da ke wuyanta

Hakki ba ya tafiya da ƙafa ɗaya. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. In jama'a ta riƙe mai aikinta, tana da ikon ta nemi abu huɗu a wurinta. Ta san iyakar saninta: yaron da ke jijjiga, ko ya kasa shan nono, ko ƙirjinsa ke lotsawa in ya ja numfashi, da mai ciki da ke zubar da jini, ba nata ba ne, na asibiti ne nan da nan, faɗin "wannan ya fi ƙarfina" kuwa ba abin kunya ba ne. Ta riƙe asirin gidaje, gama abin da ta gani a ɗaki ba na bakin rijiya ba ne. Kada ta bambanta gidan mai arziki da na gwauruwa, ko gidan danginta da na wanda suka yi faɗa. Ta rubuta gaskiya cikin littafinta, ko da lissafin bai yi kyau ba, gama da shi a ke sanin inda cuta ta ɓullo. Mu kuma, in ta ce a kai yaro asibiti, mu kai shi. Ba amfani mu nome mata gona mu ƙi jin maganarta.

Ga amsarmu ga dattawan nan, da dukan masu irin tambayarsu. Wanda ya ga dama ya ba da aikinsa kyauta, yana da abin da zai ci, a gode masa, kada a tilasta masa karɓa. Amma jama'a ba ta da ikon ta gina lafiyar 'ya'yanta a kan yunwar 'ya'yan wani. Godiya wajibi ce, sai dai ba a tuƙa tuwo da ita.

Saboda haka muna roƙon kowane mai karatu, kafin ruwan fari ya sauka, ya tambaya a ƙauyensu: wa ke ɗauke da jakar magani a nan? Shekararsa nawa yana yi? Wa ya nome masa gona bara? In amsar ta ba ku kunya, kada ku tsaya kan kunyar. Ku sa rana, ku wasa fartanya. Allah shi ba mu idon ganin wahalar masu yi mana wahala.